Bangon da Ya Tare Tagar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Mu dai nan sai addu'a.

Ban so ɗaga maka hankali ba, amma abin ya fi ƙarfina. Ka tuna filin da ke bayan shagon ɗinkin Baba, inda ake ajiye motoci? An gama gini a wurin, hawa bakwai, shaguna daga ƙasa har sama. Bangonsu ya tsaya daidai tagar ɗakinmu na saman shago. In na miƙa hannu ina taɓa shi. 'Yar iskar da muke samu ta ɗauke kaf. Na'urorin sanyaya shagunansu kuma, na ƙirga goma sha tara, duk cikin lungunmu suka juyo da bayansu, suna ta huro mana zafi. Ga hayaƙin janareta ba inda zai fita.

Baba da ƙyar yake numfashi, ƙafafunsa sun kumbura. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta jure wannan zafi ba. In na jiƙa zani na lulluɓa masa, kafin in sauka shago in dawo ya bushe ƙamas. Teloli biyu sun gudu, wai zufa na ɓata kayan mutane.

Kai ka karanci zanen gini. Don Allah babu dokar da ta hana a toshe wa mutum iska?

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na kuma yi baƙin ciki da jin halin da Baba ke ciki. Allah ya ba shi lafiya.

Game da tambayarki, abin da kike bayani ya zama ruwan dare a unguwannin kasuwanci. Siminti da kwalta suna riƙe zafin rana, in kuma gine-gine suka matsu, iska ba ta samun hanyar wucewa. Doka akwai, amma tunda an riga an gama ginin, ban ga amfanin kai ƙara ba.

Ga fanka nan na aiko, mai aiki da batir. A riƙa ba shi ruwa sosai. Aiki ya yi mini yawa, amma ina nan tafe.

Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Fanka ta iso, mun gode. Zafin take juyawa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Shekaranjiya Baba ya sume a kan sallaya. Ni da mai gyaran waya na ƙasa muka yi ta yayyafa masa ruwa har ya farfaɗo. Da ya buɗe ido sai cewa ya yi, "Ke Auta, wanka kike mini ban mutu ba?" Shi yana dariya, ni ina kuka.

Daga nan na ɗauki mayafi na shiga ginin nan, na nemi ofishin manaja. Na durƙusa masa, Yaya, ni da ka san ba na roƙo. Na ce ko na'urori biyar ɗin da ke saitin tagarmu a ɗage. Ya ce, "Baiwar Allah, haka aka zana shi, ga shi ma ki gani." Ya nuna mini zanen da ke jikin bango cikin gilas.

A ƙasan zanen akwai sa hannu. Na san sa hannunka. Da shi kake cike mini takardun makaranta.

Ba ni da sauran abin faɗa. Ka huta lafiya, tunda kai kana iya hutawa.

Auta

Auta,

Na rasa ta inda zan fara gaishe ki.

Ni ne. A zanena na farko na bar taku goma sha biyu tsakanin ginin da tagar Baba, na bar hanyar iska a tsakiya, na'urorin kuma a kan rufi. Mai ginin ya ce wannan filin shago takwas ne a kowane hawa. Ya ce in ba zan gyara ba, akwai masu zane goma a layi. Na zauna da hannuna na goge. Na ce wa kaina ai taga ɗaya ce.

Na koma wurin mai ginin jiya in roƙe shi a gyara, ko zama bai ce in yi ba.

Na kwashe kayan ɗakin yara, yana da taga biyu, ga bishiya a gaba. Don girman Allah ki lallashi Baba ya dawo wurina. Kada ki faɗa masa ni na yi zanen. In ya ji, ba zai tako gidana ba, kuma a can zafin zai kashe shi. Ki zage ni yadda kike so daga baya.

Ki yafe mini in kina iyawa.

Yaya

Yaya,

Salam. Ban faɗa masa ba. Ina fara maganar komawa wurinka ya katse ni.

Ya ce ya sani tun ranar da aka haƙa tushe. Ya hango ka ta taga da hular aiki, kana nuna wa leburori inda za su ja igiya. Ya sa aka ɗora shayi, ya sauya riga, ya zauna yana jiranka har aka tashi aiki. Ba ka hawo ba.

Ya ce zai bi ka, amma kada ka aiko direba. Ka zo da kanka ka sauko da shi.

Matakalar ashirin da biyu ce, kuma ba ya iya taka ko ɗaya. Ka zo da sassafe.

Auta