Gilashin da Baba Ya Yanka

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan alhamdu lillahi. Hannun Baba na dama yana nan yadda ka bar shi, amma bakinsa ya fara sakewa, ana gane maganarsa.

Saƙonka ya iso, na gode. Na ga sensar, 'yar na'urar da ka ce za ta riƙa auna tazara ta hutar da ni daidaita farantin firintata mai buga kayan roba da hannu. Na san kai ne injiniya, ni a ɗaki na koya, amma Yaya, irin wannan sensar, ƙarfe kaɗai take ji. Ni kuwa gilashi ne a kan farantina, a kansa narkakkiyar roba ke sauka har abin da nake bugawa ya tashi. Sensar ba ta san da gilashi ba. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa za ta nema, kuma kaurin gilashin ya fi nisan da take iya ji. Kafin ta ce wa injin ya tsaya, bakin firintar ya riga ya caki gilashin.

Kuma ba kowane gilashi ba ne. Shi ne na ƙarshe da Baba ya yanka a shagonsa, sati guda kafin ya faɗi. Ya goge gefensa sumul, ko jariri ba zai yanka ba. Duk ranar da na kai masa wani abin da na buga, ƙugiyar labule ko mariƙin cokali, sai ya tambaya ko gilashinsa na aiki. In na ce ƙwarai kuwa, ya yi ta murmushi har ya manta da magani. Daga sana'ar shekara arba'in, abin da ya rage masa ke nan. Don haka na jefa sensar a durowa, ina nan da 'yar takardata ina gwada tazarar bakin firinta da gilashi a kusurwa huɗu kamar da. Kada ka ji haushi.

Umma na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan ka sauka lafiya, tunda ba ka tsaya mun yi sallama ba. A shafa mini kan yara.

Kwana biyu kacal ka yi mana. Ranar farko ka same ni ina zura takarda a ƙarƙashin bakin firinta, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce ni da Baba duk mutanen da ne. Na sake yi maka bayani, kana ta latsa waya. Washegari da na kai Baba asibiti motsa hannu, ka buɗe durowata.

Umma ta ba ni labari. Ta ce ka ɗaura sensar, ka sa makullin motarka a ƙasanta, jar wuta ta kama, ka kira ta ta zo ta ga yadda masu ilimi ke aiki. Haba Yaya, makulli ai ƙarfe ne! Ta ce tana komawa kicin ta ji ƙas, sai kuma shiru, sai ga ka da jaka a kafaɗa wai an kira ka wurin aiki.

Na dawo na tarar an lulluɓe firintata da tawul. Na ɗaga. Rami a tsakiya, tsaga uku har gefe. Wallahi fasawar ba ta ƙona mini rai kamar tawul ɗin nan ba. Ni ce zan ɗaga, ka sani, kuma ni ce zan shiga ɗakin Baba hannu biyu babu komai. Yau kwana uku ina ce masa roba ce ta ƙare.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Mu dai ga mu nan.

Farantin ƙarfen da ka aiko ya zo, tare da 'yar takardarka mai cewa dama ya fi gilashi. Na juya ta gaba da baya ina neman kalmar haƙuri, ban gani ba.

Baba ya gane. Ya ji injin ya yi shiru da yawa, ya dogara sandarsa har ɗakina, abin da bai yi ba tun da ya kwanta. Ya ɗauki ɓallen gilashin da hannun hagu, ya daɗe yana shafa gefen da ya goge. Sannan ya ce, “Ashe tun lokacin hannun ya fara lalacewa. Ban yanka shi daidai ba.”

Na buɗe baki, Umma ta mintsine ni, don kada a ɓata ɗanta. Ban saurare ta ba, na faɗa masa komai, har makullin. Ka san me ya ce? Wai kada in ɗora wa yayana laifi don in faranta masa rai, injiniya ba zai yi irin wannan kuskure ba.

Jiya ya sa Umma ta kwaso abin yankan gilashinsa, wanda yake ajiyewa a ƙarƙashin matashi, ya ba maƙwabcinmu kafinta kyauta. Ya daina tambayata komai. In na shiga, bango yake kallo.

Ni ban iya gyara wannan ba, na gwada. Maganarka kaɗai yake yarda da ita, kuma abin nan na ci mini rai. Ka kira shi ka faɗa masa da bakinka cewa gilashinsa lafiya lau yake, kai ka fasa. Minti biyu ya ishe ka.

Farantinka na nan cikin kwali. Har sai ka kira Baba, kada ka sake aiko mini da komai.

Ƙanwarka,
Auta