Ƙusar Ladan Illo

Ƙofar Marke, Sakkwato
4 ga Yuli, 1976

Zuwa ga matata Dokas,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Mama. Yaya damina a Zonkwa? Ni ina nan, sai gajiya.

Injin lasifikar masallacin unguwarmu ya sake ƙonewa, karo na biyu bayan na gyara shi. Manyan taransisto biyu da ke tura murya sun soye ƙurmus. Alhaji Mode, mai shagon da nake ciki, ya ce in aka yi na uku in nemi wani wuri. Har ana cewa hannun Kirista ne bai karɓi aikin ba. Shekara shida ina gyara musu rediyo, ba wanda ya tambayi addinin hannun.

Na hau rufin na gano ciwon. Wayar lasifikar ta goge a bakin kwano, iska na kaɗawa sai tsiraran wayoyin su haɗu. Fis ne ya kamata ya tsinke ya ceci injin, amma da na buɗe, ƙusa na tarar a gurbinsa. Ladan Illo ya sa ta don kada kiran salla ya yanke. Ban ga laifinsa sosai ba, kuma na san zai sake. Saboda haka zan ɗaura ƙaramar taransisto mai gadi, wadda za ta shaƙe wuta da zarar ta yi yawa. Wannan aikin na san shi.

Mijinki,
Markus

18 ga Yuli

Dokas tawa,

Ina gaishe ki, a gaida Mama.

Na ɗaura mai gadin, ranar Alhamis bayan la'asar na tara mutanen unguwa a masallaci. Ladan yana gwada murya, na haɗa wayoyin da hannuna a gaban Alhaji Mode. Murya ta ɗauke. Na raba su, ta dawo. Sau bakwai na yi, ba hayaƙi. Ban ambaci ƙusar ba. Ladan Illo ne da kansa ya zaro ta daga aljihu ya nuna wa jama'a, ya ce wanga aikin nashi ne, a bar Markus.

Shago ya zauna. Ki shirya bayan girbi ki taho da yara. Sai dai ki sani, lasifikar tana fuskantar tagarmu, kuma yanzu ba ta mutuwa. Kullum da asuba ita ke tashe ni. Ni na jawo wa kaina.

Naki har kullum,
Markus