Modal ɗin Haula

Dakoro, 14 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga ƙanwata Haula,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Faransa? Mu nan lafiya lau, sai zafi, shi kuwa ɗan gida ne. Hamdiya da yara suna gaishe ki. Na koma rubutu da hannu ina ɗaukar hoto in tura miki, don na lura saƙon murya ba kya kai shi ƙarshe.

Na karanta takardar bincikenki. Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a lakwal, amma shafi biyu na farko kaɗai na iya bi, daga nan na zama ɗan kallo. Abin da na gane shi ne, a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai furotin iri-iri, wannan ya taɓa wancan ya tashe shi, shi ma ya tashi na gaba, har saƙo ya isa inda za a ajiye shi. Ke kuma kina rubuta lissafin da zai faɗi saurin saƙon da inda yake mutuwa a hanya. Wato dai kasuwar shanu ta Dakoro: dillali ya raɗa wa dillali, kafin azahar mai sa a Azagor ya ji farashi. Bambancin kawai, dillalanki ba sa ƙara gishiri.

To ga inda na yi ɓarna. Inna ta tambaye ni wai me kike yi har shekara biyar. Na nemi kalmar Hausa na rasa, sai na faɗi taku ta Faransanci, na ce modal kike haɗawa. Kin san modal ɗaya Dakoro ta sani, na riga. Kafin la'asar duk unguwa ta ji autar Inna ta tafi koyon ɗinki. Zakiru tela ya ce shi cikin wata takwas ya koya, amma kowa da irin kansa.

Ban gyara maganar ba, ga dalili. Jikin Inna da ƙarfi, kanta ne ba daidai ba. Takan tambayi ko Baba ya dawo daga masallaci, mutumin da muka binne shekara tara. Mun kai ta Maradi, likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, kuma ba ya komawa baya. Duk abin da aka faɗa mata da safe, ya zube kafin rana. Wannan ɗaya ne ya zauna: Haula tana modal. Har ta fito da turmin atamfa daga ƙasan adaka, ta ce in aika miki ki ɗinka mata na Sallar Layya.

Atamfar tana wurina. In da hali, ki zo ki karɓa da kanki.

Allah ya ba da sa'a. Yayanki,
Sallau

Dakoro, 23 ga Yuni, 2024

Haula,

Barka da Sallah, da fatan kin yi ta lafiya, ko da ba rago. Yayyenki Dela da Saminu sun zo, suna gaishe ki. Abdulmumini bai samu zuwa daga Kornaka ba, ya aiko da gaisuwa da buhun gero.

Na ga amsarki. Kin ce ba za ki iya motsi ba sai kin kare bincikenki gaban malamai a Disamba. Kin ce lissafinki a kan ƙwayoyin ɓera ne, ba magani ba ne, kada in sa rai. Ban sa ba. Kin kuma ce in gaya wa Inna gaskiya. Shawara ce mai kyau, shi ya sa ban bi ta ba.

Na kai atamfar wurin Zakiru, na roƙe shi ya kama bakinsa. Hamdiya ta goge rigar, ta sa ta cikin wata leda mai rubutun Faransanci, muka kai wa Inna ana gobe Sallah, muka ce daga gare ki take. Ta karɓa, ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin wuyan da farce. Sai ta ce wannan hannun Zakiru ne, shekara talatin yana jan hannun hagu ya fi na dama gajarta. Matar da ba ta san ranar da ake ciki ba! Dela ta fita tsakar gida ta yi dariya har da hawaye, ban dai tantance wanne ya riga wani ba.

Na ɗauka ni za ta kama da ƙarya. Ina! Inna ta yi nata lissafin, kuma a matsayina na mushe, malamin lakwal, ban ga kuskure a tsarinsa ba. Riga daga Haula take, riga daga shagon Zakiru take, ashe ke nan Haula tana shagon Zakiru. Kina nan cikin Dakoro, bayan tasha, kina taka keke, kuma ba ki zo kin gaishe ta ba.

Ta ƙi sa rigar. Kullum da hantsi sai ta sa a fitar mata da tabarma bakin zaure, ta fuskanci hanyar tasha. Wanda duk ya wuce sai ta ce in ya ga Haula ya gaya mata ba a fushi da uwa. Na zaunar da ita na faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan: Faransa, jirgi, ɓeraye. Ta saurara, ta ce to. Da la'asar ta aike ni shagon Zakiru in kira ki. Mun kira ki a salula kin ji da kunnenki, ta ce ai muryar ma kusa take.

A shafinki na tara akwai wata iyaka: saƙon da bai kai ta ba ya mutu, wanda ya haye ta ya zauna daram. Ina tambaya a matsayin ɗalibi, me ya sa gaskiyata ba ta haye ba, ƙaryata ta haye?

Ki huta lafiya. Yayanki,
Sallau

Dakoro, 8 ga Satumba, 2024

Haula,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiyarki ƙalau. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, Saminu yana ta cika baki kamar shi ya yi ruwan. Kowa yana gaishe ki.

Na gode da bayanin. Kin ce ana ganin saƙon da ya zo tare da ɓacin rai ko murna ya fi kama wuri, amma lissafinki bai kai nan ba tukuna. Na yarda. Ni ma nawa bai kai ba.

Inna ta daina fita bakin zaure, yau kwana goma sha biyu. Ba ta ƙara aike na wurin Zakiru ba. Dela ta ce alhamdulillahi, Inna ta huce. Ni ban yarda ba, don wanda ya huce yakan ambaci abin da ya huce a kansa. Ni kaina yanzu wani lokaci Mushe take ce mini, ta gyara lulluɓi, ta tambayi iyalina cikin ladabi. Ban taɓa samun girmamawa irin wannan a gidanmu ba.

Ba zan ce ki bar Disamba ba. Shekara biyar ba wasa ba ce, kuma na san abin da kika bari kafin ki kai nan. Ke mai aiki da alƙaluma ce, don haka alƙaluma zan ba ki, ki saka su inda suka dace.

Shekaranjiya wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa. Inna ta buɗe hannu ta fara lanƙwasa yatsu daga ƙaramin. Sallau. Dela. Saminu. Abdulmumini. Sai ta tsaya, babban yatsa a miƙe. Ta daɗe tana dubansa. Maƙwabciyar ta buɗe baki za ta taimaka, na girgiza mata kai. Sunan bai zo ba. Amma ba ta ce huɗu ba, kuma ba ta sauke hannun ba sai da aka kawo mata fura.

Jiya na sake tambayarta da kaina, haka aka yi. Yau ma haka. Gobe zan sake. Motar Maradi tana shigowa Dakoro kowace rana, kuma har zuwa safiyar nan da nake rubutu, yatsan yana tsaye.

Allah ya sada mu da alheri. Yayanki,
Sallau