Shafin da Aka Naɗe Tsire

Laraba, bayan isha'i

Na kasa cin tsiren nan, yana kan tabarma har ya sandare.

Da na taso daga aiki a masana'antarmu ta Challawa na saye shi. Sai a gida na lura da takardar da aka naɗe shi: shafi ne daga littafin zanen Ɗanladi abokin aikina, na jarumin nan da ke fitowa daga kwatamin masana'antar fata yana ceton ma'aikata. Na san masu ɗab'i kan sayar wa masu tsire ragowar takardu. Amma wannan an rubuta fitowa ta huɗu, alhali uku Ɗanladi ya fitar ya rasu. Da ni aka sa gawarsa a mota zuwa Kafanchan, watanni ke nan.

Sharhin da na yi wa ta uku a intanet bai yi masa daɗi ba. Na yaba jarumin, amma na ce 'yan kallo duk ba fuska, ƙyuya ce kawai. Washegari a bakin get ya ce, "Malam Habu, bari in sa ka ciki, za ka ga fuska." Muka yi dariya.

Ga taron 'yan kallon nan a shafin, man tsire ya jiƙa shi, duk ba fuska sai mutum ɗaya a gefe. Ni ne, har da giɓina. Na ce wa kaina ai tun kafin ya kwanta ciwo ya zana.

Sai dai hular da ke kaina a zanen, Juma'ar nan da ta wuce na saye ta.