Kafin Injiniya Ya Wanke Faifan

Ya kai sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonar zuciyata, mijina kuma makaɗina, wanda kwanakin nan yake gaida kwamfuta kafin ya gaida matarsa,

Na zo maka da takarda ne saboda baki ya gaza. Na manna ta a fuskar kwamfutarka don na lura nan kaɗai idonka yake sauka yanzu. Kwantar da hankalinka, ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Alkawarinmu yana nan yadda muka ƙulla shi tun muna amarci: ba na taɓa teburinka, ba ka taɓa jerin littattafaina. Amma ka karanta wannan har ƙarshe kafin azahar, kafin amininka Injiniya ya iso da jakarsa.

Wayyo masoyina, ka ga yadda ka koma kuwa? Gemu ya fito ba izini. Shayi yana hucewa a gefenka har ya yi fata. Kana ɗora yatsun nan naka masu kyau a kan fiyano, yatsun da suka sa 'yar mutane ta manta da karatun jarrabawa, ka danna, shiru. Ka sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfi ne ya rage. Sai ɗan akwatin nan ya fito a allo yana cewa manhajar kiɗanka ba ta ga sautukanta ba. Duk rumbunan sautin da ka tara sun yi gum: ganguna, ƙahoni, jita, har da fiyanon da kake cewa ya fi ni daɗin murya da safe. Ɗakin da maƙwabta suke kawo ƙara a kansa ya zama kamar laburaren da nake aiki a ciki. Ni da nake roƙon Allah shiru, yau ga shi na samu, kuma ba na so.

Na san ba gangunan ne suka hana ka cin abinci ba. Sarewar Baba ce.

Ka tuna ranar da muka naɗi sautinta? Ka rataye barguna a bango har da na gadonmu, ka kashe fanka, ka kashe firji, muka zauna muna gumi kamar masu jiran hukunci. Baba yana kan kujerar roba, ya tura hula ƙeya, makirfo a gabansa yana harararsa. Ka ce ya busa sauti ɗaya ya tsaya, a hankali, sannan tsaka-tsaki, sannan da ƙarfi, ya wuce na gaba. Ya ce tunda yake a duniya ba a taɓa raina masa hankali irin haka ba, mutum ya shekara hamsin yana busa a ce ya yi fit ya yi shiru kamar usur. Amma ya yi. Ni ce mai riƙe masa ruwa, ni ce mai fita in roƙi mai gyaran babur na ƙasa ya ɗan dakata. Daga baya ka yanka sautukan ɗaya bayan ɗaya ka shimfiɗa su a kan maɓallan fiyano, ka danna, sai ga numfashin mahaifinka yana fita daga ƙarƙashin yatsunka. Ranar na ga hawaye a idonka, ka ce gumi ne, na bar ka da gumin.

Yanzu Baba sai ya huta a tsakiyar matakala kafin ya iso ƙofarmu. Sarewar tana naɗe a ƙyalle cikin durowarsa, ƙirjinsa ba zai sake ba ta abin da take so ba. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaye ka yaushe zai ji kansa a cikin waƙa. Abin da ya rage na busarsa a duniya yana cikin baƙin faifan nan mai girman sabulu da ke gefen kofinka, kuma ba ka da kwafinsa a ko'ina. Wannan maganar zan ajiye ta sai ranar da muka yi faɗa.

Shi ne faifan da ka yarda Injiniya ya wanke yau.

Ina girmama amininka. Mutum ne mai kirki, ya yi mana ɗawainiya ranar da muka tare. Amma ni da kai mun san sunan nan ya same shi ne don ya taɓa gyara rimot ɗin talabijin. Ya leƙa allo, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton ƙirji, ya yanke hukunci: bayros ne ya shiga lokacin da aka ɗauke wuta, ya cinye komai, kada ka kuskura ka buɗe ko fayil ɗaya, magani shi ne fomatin, a share faifan tas a sake sauke komai. To, gangunan da ƙahonin za a sake sauke su daga inda ka saye su. Baba fa, daga ina za a sauke shi? Na buɗe baki zan yi magana, ka dafa hannuna cikin tausayi ka ce, "Kurciya, bari, wannan ba laburare ba ne." Injiniya ya yi dariya da shayina a bakinsa.

Hasken raina, laburare ne. Kullum sai ɗalibi ya zo mini rai a ɓace yana cewa littafi ya ɓata. Katin da ke nuna wurin littafi ya ce yana kanta kaza, ya je bai ga kantar ba. Littafin kuwa yana zaune lafiya lau, wani mai son gyara ne ya sauya wa kantar lamba bai gaya wa kati ba. Ban taɓa ganin an ƙone laburare saboda haka ba.

Kai da akwatin nan ya fito sai ka yi maza ka rufe shi, kamar ya zage ka. Ni kuwa karatu ne ciwona, ko takardar ƙunshin kaya ba na iya wucewa. Jiya da na kawo maka shayi na karanta shi ta saman kafaɗarka. A ƙasan gargaɗin ya rubuta inda yake nema: cikin faifai mai suna AIKI. Rabin raina, babu sauran faifai mai suna AIKI a gidan nan.

Ka tuna la'asar ɗin da aka yi ruwa, ka ƙwala mini kira daga kicin, na zo hannuna duk albasa? Kana murmushi kamar yaron da ya ɓoye alewa, ka nuna mini allo. Ka goge AIKI ka rubuta KURCIYA. Ka ce duk abin da ya fi daraja a wurinka yana ciki, don haka sunana ya kamace shi. Na ce maka wasu matan ana sa wa jiragen ruwa sunansu, ni nawa rabon sabulu ne. Amma ban gaya maka ba, na koma kicin ina murmushi ni kaɗai har albasar ta ƙone. Da yamma aka ɗauke wuta, washegari ka buɗe manhaja ta yi shiru, ka ɗora wa masu wuta laifi. Bayin Allah, sau ɗaya a rayuwa ba su ci ba, ba su sha ba.

Wace mace aka taɓa so har kiɗa ya ɗauke a gida? Wace kurciya ce ta sauka a reshe dajin duka ya yi tsit? Ina alfahari, wallahi. Amma ya isa haka.

Ga roƙona. Ka duba ma'aunin faifan, za ka ga har yanzu cike yake kusan baki. Abin da aka cinye ba ya barin tulu a cike. Ka mayar masa da sunansa, AIKI, yadda yake a da, harafi da harafi. Ka rufe manhajar ka sake buɗewa. In wani rumbun ya yi taurin kai, kada ka kori akwatin; akwai maɓalli a jikinsa da ke roƙon a nuna masa hanya, ka kama hannunsa ka kai shi har foldar. In kuma na yi kuskure, don nakan yi, ni ce na taɓa rantsuwa ba zan auri makaɗi ba, to faifaina yana durowar gefen gado, wanda takardun digirina suke ciki. Na ba ka izinin taɓawa. Ka kwafe foldar Baba a kai kafin kowa ya share komai, ko da bayros ɗin ne zai bi ta ya cinye digirin.

Ka cire sunana, masoyina, ba zan yi kishi ba. Ba a faifai nake zaune ba. Ka ba Injiniya shayi, ka yaba masa, ka raka shi har bakin titi da jakarsa a rufe. Sannan ka kira Baba, ka ce ya zo a hankali, ya huta a matakala yadda yake so, akwai abin da zai ji.

Ni kuwa ina nan inda ka ajiye ni, ba na sauya kanta, ba na sauya lamba. Duk ranar da ka neme ni, da kiɗa ko da shiru, da gemu ko babu, za ka same ni.

Taka har ƙarshen numfashi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba,

Kurciya