Zara Ta Bar Yamma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Yaya kuma 'yata, Malama Ƙarama? Na san ta cika miki kunne da tambaya. Ki yi haƙuri, ni shekara tara ke nan ina fama.

Yau kwanana goma sha tara a ɗakin nan. Likita ya ce tarin fukan nawa mai taurin kai ne, ba zan fita ba sai an gwada kakina sau biyu a jere an ga ba komai. Ɗakin taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance, na auna har na gaji. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon ɗakin wanki, kuma an yi rumfar kwano tsakanin ginin biyu, ko tafin hannu na sararin sama ba na gani. Da ƙarar injin wanki nake gane gari ya waye.

Don Allah ki riƙe maganar da muka shirya, cewa laburaren da nake aiki ne ya tura ni kwas gari mai nisa. Kin san a asibiti Malama ta yi wa babanta ganin ƙarshe, in ta ji inda nake ba za ta ƙara barci ba. Waya kuwa ba zan iya ba, murya ta dishe, tari ba ya bari in kai ƙarshen magana.

Abu ɗaya nake roƙo. Akwai tsohon littafin taurari na yara da za a zubar a wurin aikinmu, rabin shafukansa sun zube, na kawo mata. A ciki muka gano Kaza da 'Ya'yanta, muka ji wai rana ma tauraruwa ce, kusa kawai take. Kafin in taho muka yi alkawari: kullum bayan magariba za ta dubi Zara, mai hasken nan ta yamma, ni ma in dube ta daga inda nake, shi ke nan mun gaisa. Ki bar ta ta fita ƙofa ko na minti biyar, kada ki ce sauro.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙo, na gode, amma zanin ya yi min yawa yanzu, sau biyu nake naɗa shi.

Gwajin farko bai fito yadda ake so ba. Na juya na kalli bango na yi kukana, mai kawo abinci ta yi kamar ba ta gani ba. Kwana hamsin da biyu, Yaya. Na san kowane tabo na silin ɗin nan. Maganin kuma ya sa hannuna rawa, kin ga yadda rubutuna ya koma.

Wasiƙar Malama ce ta ba ni dariya. Wai in daina kiran Zara tauraruwa, malamarsu ta ce duniya ce kamar tamu, tana zagaya rana, hasken ma na aro ne. Wai in lura da kyau, taurari suna ƙyaftawa, ita ba ta ƙyaftawa. Ta kuma ba ni aikin gida: in miƙe hannu in dunƙule, in auna dunƙule nawa ne daga Zara zuwa ƙasa. Ni da na kawo littafin, yau ni ce ɗaliba.

Na roƙi nas ɗin yamma ta leƙa min. Ta ce marasa lafiya goma sha biyu ke jiran ta, kuma a wurinta duk taurari ɗaya ne. Mai shara kuwa bai ko ɗaga kai daga bokitinsa ba ya ce tana nan, ina za ta je? Sai na ɗauki maganarsa. A kowace wasiƙa ina rubuta wa Malama cewa jiya na ga Zara tana nan ras, na gaishe ta. Ƙarya ce, amma ita kaɗai nake da ita da zan aika.

Allah ya bar zumunci.

Auta

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, ki yafe ni. Na karanta wasiƙarki sau huɗu.

Kin ce yarinya ta rage cin abinci, ta daina tambaya, har kika duba littafin da take rubuta awonta. Ashe kullum Zara sauka take yi, dunƙule uku, biyu, ɗaya, har ta shige hasken faɗuwar rana, yau sati uku babu ita a yamma. Malamarsu ta ce haka take yi, ta wuce ta gaban rana ta ɓullo ta gabas da asuba, ita ce dai Gamzaki. Ina zan sani? Shafin nan yana cikin waɗanda suka zube.

Kin ce ta tambayi malamar ko akwai garin da ake ganin Zara da yamma yanzu, aka ce babu, a duk faɗin duniya. Ni kuwa ina ta rubuto na gan ta ras. Ga shi ba ta jin muryata, ga rubutu ya canza. Sai ta haɗa lissafinta ita kaɗai, ta rubuta a shafin ƙarshe cewa Umma ta rasu, ke ce ke rubuta wasiƙun don kada ta yi kuka. Kuma ta ci gaba da amsa su, wai kada ke ki ji ba daɗi.

Sati uku 'yata tana makokina a ɓoye, ni na jawo. Na yi magana da likita. Akwai ƙofar gilashi a ƙarshen barandarmu, ya yarda a tsaya ta waje. Ki kawo ta Asabar da hantsi. Ki fara ba ta takardar da ke cikin wannan.

Auta

Malamata,

Ina gaishe ki. Ni ce, da hannuna na rubuta, magani ne ya sa shi rawa. Ina da rai.

Na yi miki ƙarya. Ba kwas na je ba, ina asibiti, ana yi min maganin tari, kuma ba na ganin sama daga ɗakina. Tun da na taho ban ga Zara ba ko sau ɗaya. Awonki daidai ne, ni ce na ƙi yin aikin gida. Ki yafe min.

Na san ba za ki yarda da takarda ba yanzu, kuma kina da gaskiya. Ki zo Asabar ki duba da idonki. Ba za a bari in taɓa ki ba tukuna. In kin ga wata ramammiya a bayan gilashi, da takunkumi a fuska, tana ɗaga miki hannu tana kuka ba ko kunya, kada ki tsorata, ni ce.

Taki har kullum,
Umma