Ka Aiko Mana da Hoton Mama

Braila, 9 ga Oktoba, 1888

Zuwa ga Yaya Tanase,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ilinka da yara. Allah ya sa zafin Iskandariya bai gasa ku ba. Mu nan lafiya, sai kewa. Wata biyar da rasuwar Mama, amma har yau in na dawo daga kasuwa nakan buɗe baki zan ba ta labarin wanda na yi wa wayo, sai in tuna.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da Krikor ya buɗe shagon ɗaukar hoto a bakin tasha, masu zuwa Baba ya zana su suka ɗauke ƙafa. Wa zai yi kwana goma wuya a sandare, ga akwati mai gamawa kafin miya ta huce? Yanzu allunan shaguna yake yi. Kifin da ke saman rumfata ma shi ya zana, ya fi duk wanda na taɓa sayarwa ƙiba. In sun haɗu da Krikor a hanya Baba ya kira shi ɓarawon inuwa, shi kuma ya ɗaga hula ya tambayi lafiyar maigida mai gyaran hanci.

To, tsiyar Krikor da gaskiya a ciki. Shekara arba'in Baba yana zana matan attajirai, yana rage musu haɓa yana ƙara musu ido, bai taɓa zaunar da Mama ba, kullum sai an gama aikin mutane. Yanzu ya rantse sai ya ajiye zanenta kusa da tasar dafaffiyar alkamar sadaka ranar addu'ar wata shida. Sau uku yana zanawa, sau uku hannu yana yin abin da ya saba. Ba giɓi, ba tabon ƙuna, ba hararar nan tata. Goggo Safta ta duba ta ce matar wane kyaftin ce wannan, Allah ya ba mijinta haƙuri. Baba ya taya mu dariya, sannan ya juya allon ya fuskanci bango, ya tambaye ni a wane kunci tabon yake. Na ce hagu. Wallahi Yaya, ban tabbata ba.

Shi ya sa na tona asirinmu. Na gaya masa cewa makon tafiyarka, ranar da muka ce za mu ciro mata haƙori, wurin Krikor na kai ta, kuma hoton yana akwatinka. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Ya gama wanke buroshinsa, ya tambaya ko ta yi murmushi. Na ce ina fa, an tokare mata ƙeya da ƙarfe, ta murtuke kamar ta kama mai tauye mudu. Ya ce to ita ce.

Na san shi kaɗai gare ka, kuma ba zan yi maka ƙaryar zai dawo da wuri ba. Ka sa shi tsakanin kwali biyu ka ba jirgin ruwa na farko, saura mako biyar. Baba ya ce kada in ce shi ya roƙa. To, ban ce ba.

Ka gaida Ilinka da Petrake da jaririyar da ba mu gani ba. Goggo Safta na gaisuwa.

Ƙanwarka,
Smaranda